Kwali, ƙyalle da kwandon kasuwa: yadda na haɗa kayan koyar da kalmomi a aji 3

Duk malamin firamare a Sakkwato ya san wannan, ko da bai taɓa furtawa ba: yaro zai miƙe ya karanta maka layi sumul, ko harafi ɗaya bai kuɓuce masa ba, amma kana tambayarsa abin da layin ya ce sai ya sunkuyar da kai. Baki ya karanta, zuciya ba ta ji ba. Ni aji 3 nake riƙe da shi a wata makarantar gwamnati a cikin gari, kuma wannan matsala ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wajen haɗa baƙi da wasali kam, alhamdu lillahi, na ga sauyi da idona tun da littattafan Mu Karanta suka shigo makarantun Sakkwato da Bauchi, a shirin nan da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa daga 2015. Yara sun iya gaɓa, sun iya haɗa ta da 'yar'uwarta su fitar da kalma. Saura su san abin da kalmar take nufi.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da zafi shi ne, tsarin da aka daɗe ana bi a ƙasar nan a lokacin ya ce a koyar da yaro da harshen muhallinsa daga aji 1 zuwa aji 3, daga aji 4 kuma Turanci ya karɓi ragama. Ke nan ajina ne zangon ƙarshe kafin a haye. Yaron da ya bar hannuna bai san "dalili" da "sakamako" da Hausa ba, ba na jin zai gane su ranar da aka jefo masa su da Turanci. Sai na ƙudurta cewa a dogon hutu zan haɗa kayan aiki na koyar da kalmomi zalla, da abin da hannuna zai iya kaiwa, ba tare da na jira an aiko mana daga ofis ba.

Da zaɓen kalmomi na fara. Na baje littattafan ajin a tabarma, na Hausa da na kimiyya da na zamantakewa har da na lissafi, ina bi shafi-shafi ina fitar da duk kalmar da na san za ta tsayar da yaro. Takarda ta cika ta tumbatsa, alhali makon makaranta kwana 5 ne, Juma'a ma rabi ce. A nan wani rabo da aka koya mana a wajen bita ya yi mini rana. Wata malamar jami'a a Amurka, Isabel Beck, ita da abokan aikinta, sun kasa kalmomi gida 3 a wani aiki da suka fitar a 2002. Kashin farko na yau da kullum ne, irin su ruwa, gida, gudu, waɗanda yaro yake zuwa da su daga gida. Kashi na uku na fanni ne, ba ka jin su sai a darasi guda, irin "murabba'i" a lissafi. Na tsakiya kuwa su ne waɗanda ba a cika jin su a wurin wasan ƙasa ba, amma littafi ba ya yin shafi biyu bai kawo su ba, ko na wane darasi ne: kwatanta, bambanta, tanadi, ƙiyasi, tsanani, illa, dalili. Shawararsu ita ce malami ya zuba ƙarfinsa a kan na tsakiyan, ni ma kuma haka na gani. Na tsayar da kalmomi 6 a mako, 4 daga kashin tsakiya, 2 daga darasin da ke gabanmu. Wata abokiyar aikina ta ce sun yi kaɗan, ita 20 take jerawa a allo kowace Litinin. Na girmama ra'ayinta, amma na sani abin da yaro ya kwafa a littafi ranar Litinin ba lalle ne ya kai Laraba a kansa ba.

Kowace kalma sai da na rubuta mata bayani irin wanda ɗan shekara 8 zai ji ya gane. Na aro Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, daga wani ƙanena da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, don in tabbatar da rubutu da jam'i. Sai dai ƙamus da manya yake magana, sau da yawa zai warware maka kalma mai wuya da wadda ta fi ta wuya. Don haka "tanadi" na rubuta mata: ka ajiye abu yau don ya yi maka amfani gobe. Misali: Inna ta yi tanadin itace kafin damina. Jimlar misalin nan ita ta fi cin lokaci, domin dole ta fito daga rayuwar da yaron ya sani, ya taɓa gani a tsakar gidansu.

Sai kuma batun da ba wata bita da za ta warware maka shi, wato Hausar da yaranmu suke tashi da ita. Littattafan makaranta da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda aka gina a kan karin Kano. Yaron Sakkwato kuwa a gidansu mussa ce ke kama kusu, a littafi sai ya tarar kyanwa ce ke kama ɓera. Abin da yake ci gujiya ne, littafi ya ce gyaɗa. Miyar guro ta zama ta kuɓewa, tonka ya zama barkono, kudaku ya zama dankali. Yana cewa hwari, a rubuce fari. Yana cewa biyat, a rubuce biyar. Wato ko a darasin Hausa, wani yanki na kashin farkon nan da ake ɗauka yaro ya zo da shi daga gida, namu yaron da wata kalma daban ya zo. Na sha jin ana ce wa yaro "ba haka ake faɗa ba", kuma raina yana ɓaci duk sanda na ji. Haka ake faɗa mana. Haka uwarsa ke faɗa, haka kakansa ya faɗa, a garin da malamai suke rubutu da Hausa tun ƙarni na 19. Yaron da aka kunyata a kan maganar gidansu bakinsa mutuwa yake yi a aji, wanda bakinsa ya mutu kuwa ba ya koyon kalma. Saboda haka na yanke cewa duk katin da kalmarsa ke da 'yar'uwa a Sakkwatanci zan rubuta su biyun, ta littafi da manyan baƙaƙe a sama, ta gida a ƙasa da wani launi. Abin da nake gaya musu shi ne: wannan ta gida ce, waccan ta littafi da jarrabawa, duka kuma naku ne.

Da na gama da takarda sai na nufi kasuwa. Akwai wani dattijo mai shagon kayan masarufi da muke sayayya a wurinsa, na roƙe shi kwalayen taliya da na sabulu da ya gama da su. Ya dube ni ya ce, "Malama, mi za ki yi da kwali haka? Ko ƙaura za ki yi?"

Na ce, "A'a Baba, ɗiyanku za mu koya ma karatu da su."

Ya ce, "To in don wanga na, ki taho duk sa'ad da kika so ki kwasa. Allah shi yi albarka."

Kwali ruwan ƙasa ne, rubutu ba ya fita a kansa sai an manna farar takarda. Nan ma ban sayi ko falle ɗaya ba. Tsofaffin kalandu da ragowar fastocin zaɓen 2023 suna nan jibge a gidajen mutane, bayansu fari tas, takardarsu kuma ta fi ta littafin rubutu kauri. Maimakon gam na kanti, ƙaro na jiƙa, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, na bar shi ya kwana ya yi kauri. Yana kamawa sosai in aka danne katin da dutse ya bushe a inuwa. Na yanka iri biyu: manya masu tsawon kamu guda na ɗagawa a gaban aji, da ƙanana daidai tafin hannu na aikin rukuni. Girman baƙaƙen a tsakar gida nake gwada shi. In jingina kati a bango in koma bakin zaure, in ban iya karantawa daga can ba, to yaron bencin ƙarshe ma ba zai iya ba, sai a sake.

Da baƙar maka nake rubutu, amma ɓ da ɗ da ƙ da 'y ja nake sa musu. Yaranmu suna ganin Hausa a allunan shaguna da wayoyin iyayensu babu ƙugiya, sai su ɗauka ado ce da za a iya bari. Ɗaga "baki" da "baƙi" gefe da gefe, sannan "kafa" da "ƙafa", "gaba" da "gaɓa", ya fi dogon bayani saurin nuna musu aikinta.

Hoto kuwa a Hausa larura ne. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na tuwo da "gari" na mutane rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" na jiki da ta wahala, "kuka" na hawaye da ta miya, "fari" na launi da na rashin ruwan sama. Babba yana gane wadda ake nufi daga jimla. Mai koyo kuwa sai ya kama wadda ya fara sani ya tafi da ita, labarin duka ya rikice masa. Irin waɗannan na yi musu kati mai hoto biyu, kowane da jimlarsa, muna furta su a fili har kunne ya rarrabe. Zanen, wasu 'yan aji 6 masu hannu ne suka yi mini, kuma in kun ga yadda suke leƙowa ta taga don su ga ana ɗaga aikinsu, za ku ji daɗi. A bayan kowane kati akwai bayanin kalmar, da jimlar misali, da jam'i, da "ne" ko "ce". Jam'in nan kada a raina shi. Akuya awaki, tunkiya tumaki, saniya shanu, doki dawaki: ba wata ƙa'ida mai sauƙi da za ta kai yaro daga akuya zuwa awaki, sai dai ya ji, ya gani, ya riƙe.

Abin da na fi so cikin kayan duka shi ne zanen aljihu. Na kai wa telan unguwarmu wankakken buhun shinkafa da ƙyallayen atamfa, ya ɗinka mini manyan aljihu 3 a jere, ja da shuɗi da kore, ya sa maratayi a sama. Dabarar ta wani Bajamushe ce, Sebastian Leitner, wanda ya yaɗa ta a shekarun 1970, shi da akwati mai ɗakuna ya yi tasa. Tushenta ma ya girme shi, domin tun 1885 wani ɗan ƙasarsu, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba a kan lokaci ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Mu da muka yi makarantar allo wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu: ba a wanke allo sai an biya, bayan an wanke ma tilawa tana nan tana dawo da na baya. Sabuwar kalma kamar dashen albasa take, a kwanakin farko kullum sai ta sha ruwa, in ta kama ƙasa sai a fara tsallake kwanaki.

Ga yadda muke yi. Sabuwar kalma jan aljihu take shiga, shi kuma kullum ake zazzage shi a minti 10 na farkon darasi. In na ɗaga kati, yaran da na nuna suka karanta, suka faɗi ma'ana, ɗayansu kuma ya sa kalmar a jimlar kansa wadda ba tawa ba, sai ta haye shuɗin aljihu, wanda ake buɗewa Talata da Alhamis. Daga can sai kore, na ranar Juma'a. Wadda aka tarar ta sulluɓe, a ko'ina take, ja za ta koma. Sharaɗin nan na jimlar kai shi ne ƙashin bayan aikin. Yaro yana iya haddace bayanina ya mayar mini da shi daidai ba tare da ya fahimci komai ba, amma ba ya iya ƙirƙirar jimla da kalmar da bai mallaka ba. Ba a daɗe ba abin ya zama musu gasa. Za ka ji suna cewa, "Malama, 'ƙiyasi' ta daɗe cikin ja, yau sai mun hidda ta."

Ajina ya haura yara 70, kuma a irin wannan aji amsar taro tana ruɗin malami. 'Yan gaba masu murya su amsa, sauran su bi amo, kai kuma ka ɗauka kowa ya iya. Don haka na kasa su rukuni-rukuni, benci biyu su juyo su fuskanci juna, masu zama a tabarma su yi da'ira. Kowane rukuni da ledarsa ta ƙananan katuna, shugabanci kuma yana zagayawa mako-mako, mace da namiji. Ni in fara yi, mu yi tare, sannan su yi su kaɗai ina zagayawa ina saurare. Ajin yana yin hayaniya a lokacin, har hedimasta ya taɓa leƙowa. Da ya tsaya ya ji abin da suke gardama a kai, wai ko tsananin zafi da tsananin yunwa duka tsanani ne, sai ya ce, "Malama, ci gaba da aikinki."

Littattafan koyarwa suna yawan zancen bangon kalmomi, a manna su a bango yara su riƙa gani. A Sakkwato bango ba ya riƙe takarda. Da hunturu ƙura ta lulluɓe shi salatif ya saki, iska ta shigo ta tagar da ba marfi ta kwashe. Da bazara kuma, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, gam ɗin kansa sakin jiki yake yi. Ga shi ajinmu ba ya kulluwa. Sai na koma ga igiya: ƙusa biyu, igiyar shanya daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane kati na huda shi na zura masa zare. Da safe yara biyu su rataye, in an tashi su kwance su zuba a jaka in tafi da su gida. Igiyar ma ta fi bango, domin ana iya sauya jeri. Yau mu haɗa kishiyoyi, amfani kusa da illa, gobe mu jera su bisa darasi, kuma yaro yana iya sauke kalma ya riƙe ta a hannu ya kai bencinsa in yana rubutu.

Litinin ranar kwando ce. Duk abin da za a iya ɗaukowa a taɓa, ba na yarda in tsaya a hotonsa. Makon da ya fi armashi shi ne na hatsi, wanda a nan in an faɗe shi gero ake nufi. Na zo da 'yan zangarniyoyi, da ƙaramin turmi, da faifai, da rariya. Yawancin yaran cikin gari kullum suna shan hura, amma ba su san tafiyar da ta yi kafin ta iso ƙwarya ba, tun da yanzu inji ke surfe, inji ke niƙa. Muka bi hanyar daki-daki a bakin aji: sussuka, sannan shiƙa a raba tsaba da ƙaiƙayi, sannan surfe a fitar da dusa, a wanke, a daka, a tankaɗe, gari ya sauka tsaki ya tsaya a rariya. Ba na ɗaga katin kalma sai wani ya yi aikinta da hannunsa kowa ya gani. Wata yarinya da iyayenta ba su daɗe da tasowa daga ƙauye ba, wadda karatu ke yi wa nauyi, ita ta zama malama ranar, domin ita kaɗai ta iya riƙe faifai daidai ta bi iska. Waɗannan kalmomin sana'a ne, amma su suka goyo mini na tsakiyan da nake nema: mataki, rarrabe, sakamako, kafin da bayan. Wanda ya ga ƙaiƙayi ya tashi tsaba ta zauna, ba sai an yi masa doguwar lacca a kan "rarrabe" ba. Washegari na ce kowa ya ba da labarin hura mataki-mataki, kuma a nan na fara jin "sakamakon haka" yana fita daga bakin 'yan shekara 8.

Wani makon kuma na samo guntun jemammiyar fata daga wurin dukawa, da 'ya'yan bagaruwa da ake jima da su. Na ba su labarin jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da fatarta har ta kai Turai, can ake kiranta fatar Maroko. Daga jima muka samu majemi da majema, daga nan kuma aka haifi babban kwali guda da na zana wa bishiya. Saiwa ita ce aikin, rassa uku kuma mai yi, wurin yi, da abin yi. Ƙira ta ba da maƙeri da maƙera, rini ya ba da marini da marina, auna ta ba da ma'auni, buɗe ya ba da mabuɗi, karanta ta ba da makaranta. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ashe shi ya sa aka ce ma unguwarmu Maƙera!" Ɗan Maƙera Assada ne. 'Yan wajen Marina ma suka ce su ma tasu ta fito. A ganina wannan kwali ɗaya ya fi katuna masu yawa riba, domin tun daga ranar in suka ci karo da "masaƙa" ko "mahauta" ko "matsefi" a littafi, suna fara lalubo saiwar da kansu kafin su tambaye ni.

Waƙa ma na sa ta a aiki, kuma a garin nan ba sabon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta isar da ilimi ga matan ƙauyuka ta hannun jajojinta, wato malamai mata masu jagorantar ƙungiyarta ta 'Yan Taru. Kowane mako nakan ɗora kalmomin 6 a kan karin tafi da 'yan mata suka riga suka sani, baiti biyu ko uku, su tafi da shi filin wasa. Juma'a kuwa bayan an zazzage koren aljihu sai kacici-kacici. Nakan buɗe da na gargajiya, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, su ce tsintsiya, daga nan kowane rukuni ya ƙago nasa a kan kalmar mako. Wani rukuni ya kawo: "Yau ba a ci ni ba, gobe a gode mini." Amsa tanadi. Na rubuta shi a bayan katin, yana nan har yanzu.

Kowane yaro yana da ɗan littafin kalmominsa, wanda muka ɗinka da zare da allura daga ragowar shafukan tsofaffin littattafan rubutu. Aikin gida na Alhamis guda ne ba ya sauyawa: ka tambayi babba a gidanku kalma ɗaya da ba ka sani ba, ka zo da ita da ma'anarta. Muna ce masa kalmar kaka. Ta nan akushi da taskira da gafaka da maburgi suka shigo ajin, wata kaka ma har ta aiko da akushinta a nuna, tare da saƙon a kula mata da shi. Wata 'yar Fulani da ba ta cika magana ba ta zo da kosam da nagge, wato nono da saniya. Na yi musu kati kamar kowace kalma na rataye a igiya, kuma daga makon ta fara ɗaga hannu. Iyayen da ba su yi boko ba sukan ɗauka ba su da abin taimaka wa yaro da shi a aikin makaranta. Wannan aikin kuwa su ne masu amsar.

Turanci a zango na biyu na shigo da shi, a ƙasan bayan kati, kuma sai kalma ta kai koren aljihu nake nuna musu shi. Dalilina shi ne yaro ya ɗauki kaya ɗaya a lokaci guda: ma'ana ta zauna tukuna da harshen da yake tunani da shi, daga baya sabon suna kawai zai ɗora mata.

A ƙarshen zango ban tambaye su "ba da ma'anar kaza" ba. Tambayoyin zaɓi na yi musu, irin su: wa ya yi tanadi, wanda ya kashe kuɗin tararsa duka a alewa, ko wadda ta jefa rabi a asusu? Sannan kowa ya faɗi dalilinsa. Abin da na gani shi ne kalmomin kwando sun fi zama daram, na tsakiya irin "ƙiyasi" da "bambanta" sun fi yawan komawa ja kafin su kama, amma sun kama ga mafi yawa. Waɗanda ke baya kusan dukkansu masu fashi ne, 'yan mata masu talla da safe da yaran da ake ɗauka gona da kaka. Wanda ya rasa Litinin ya rasa kwando, makon duka yana bin baya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ba laifinsu ba ne. Abin da na iya yi shi ne na buɗe aro: wanda ya yi fashi ya tafi gida da ƙananan katunan makon, ɗan rukuninsu da ke kusa da gidansu ya bi su da shi da yamma. Wasu katunan suna dawowa da maiƙo, wasu a yage, ni kuma in sake yankawa, kwali dai ba ya ƙarewa.

Da hutu ya zo na zuba kayan a akwatin ƙarfe da busasshen ganyen dogonyaro, na ɗora shi a kan bulo saboda gara. A taron kwamitin makaranta na roƙi a yi mana kabad mai makulli ko da guda ne, don kayan su daina kwana a gidajen malamai, wani uba kafinta kuma ya ce zai duba abin da zai iya. Katunan koren aljihu kuwa na damƙa su ga malamin aji 4, domin kalmomin su bi yaran su haye tare. Ya ce shi zai juya su, gefen Turanci ya koma gaba, Hausa ta koma baya don dubawa. Na roƙe shi ya bar jimlolin misalin yadda suke, ya ƙara nasa na Turanci a ƙasa. Shi ma ya kai wa tela buhunsa, sai dai aljihu 4 ya ce a yi masa, na huɗun na bitar ƙarshen wata.